Zango Mai Katanga: Wa Ke Cin La'adar Saukar Baƙo?

Duk wanda ya san Damagaram ya san cewa gari biyu ne a haɗe: akwai Birni, inda fada take, akwai kuma Zango, inda ayari ke sauka. Tun zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, fataken da ke zuwa daga Agadas da Gat da Gadamas da Tarabulus suna sauke raƙumansu a bayan ganuwa, su sami masauki da ruwa da tsaro, su sayar da abin da suka kawo, su ɗauki jemammun fatu da gashin jimina su koma arewa. Cinikin nan yana da baƙin tabonsa, domin har da ƴan Adam aka yi fatauci a cikinsa, amma yana da wata ƙa'ida da ta cancanci a tuna da ita a yau. Baƙo ba ya ciniki sai ta hannun fatoma. Fatoma ne ke ba shi ɗaki, ya ciyar da shi kyauta, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ci bashinsa. Yana yin duk wannan hidima ne domin ya san inda zai fanshe, wato la'ada. Sarki kuma yana da nasa kason a kan kowane kaya da ya shigo. Daga Damagaram har Salaga da Kumasi, ba a taɓa jin fatoman da ya ba da ɗaki, ya ba da tuwo, sa'an nan ya yafe la'adar ma baki ɗaya, ya koma bakin zaure yana godiya don an sauka a gidansa ba.

To, irin wannan fatoman ne ake roƙon gwamnatocin ƙasashe masu tasowa su zama, da sunan abin da ake kira yankin tattalin arziki na musamman.

Abin da ake tallatawa

Yankin musamman, ko zone franche a bakin masu jin Faransanci, fili ne da hukuma ke yankewa daga cikin ƙasarta, ta kewaye shi da katanga ko waya, ta ce dokar da ke aiki a waje ba ita ke aiki a ciki ba. A ciki ba a biyan kuɗin duwan a kan injuna da kayan da za a sarrafa. Ana yafe harajin riba na shekara biyar, ko goma, ko fiye. Ana fitar da riba waje ba tare da wani ya tambaya ba. Takardun da ɗan ƙasa ke kwashe watanni yana bi ofis-ofis kafin ya samu, a nan a kan teburi guda ake gama su. Wasu ƙasashen har haƙƙin ma'aikaci suke jinginarwa: dokar Najeriya ta 1992 a kan irin waɗannan yankuna ta haramta yajin aiki har tsawon shekara goma daga ranar da yanki ya fara aiki.

Na farkonsu a wannan zamani an kafa shi ne a Shannon, a ƙasar Ailan, cikin 1959, lokacin da jiragen da ke tsallaka teku suka daina buƙatar sauka can su sha mai, hukuma kuma ta nemi abin da zai raya wurin. Shekara sittin bayan haka, a rahotonta na 2019, hukumar ciniki da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga kusan yankuna 5,400 a ƙasashe 147, daga ciki 237 a Afirka. Wannan adadi kaɗai ya isa ya sa mai tunani ya dakata. Idan kowane mai masauki a zango ya yafe la'ada, baƙo bai sami wani dalilin fifita gidan wane a kan na wane ba. Zai sauka ne inda rijiya ta fi kusa, inda rumbu ba ya yoyo. Abin da kawai ya faru shi ne masu masaukin duka sun talauce tare.

Hasali ma kafa yankin musamman wani ikirari ne da hukuma ke yi a bainar jama'a ba tare da ta lura ba. Tana cewa ta san yadda ake samar da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, da hanya mai kwalta, da ɗan duwan da ba ya neman na goro, da ofishin da ke sa hannu cikin yini guda, amma za ta tanadi waɗannan ne ga wanda ya zo daga nesa. Majemin Maraɗi da mai injin gyaɗa na Matamai su ci gaba da haƙuri.

Labarin Shenzhen da abin da ake yankewa daga cikinsa

Ba a tashi daga taron tallar yankin musamman ba a ambaci Shenzhen ba. Labarin gajere ne, mai daɗin ji: wai ƙauyen masunta ne a kudancin ƙasar Sin, aka ba shi matsayi na musamman a 1980, yau ga shi birni mai mutum fiye da miliyan 17, mazaunin kamfanin da ke yin wayoyin Tecno da Itel da suka cika kasuwannin Maraɗi da Tawa. Nasarar gaskiya ce, ba mai musunta ta. Sai dai masu ba da labarin suna tsallake rabinsa, kuma a rabin da suke tsallakewa ne darasin yake.

Shenzhen tana manne da Hong Kong, ɗaya daga cikin manyan tashoshin jiragen ruwa da cibiyoyin kuɗi na duniya, kuma mafi yawan jarin farko daga can ya fito, daga hannun Sinawa masu harshe ɗaya da dangi a tsallaken iyaka. Ƙasar da aka gina masana'antu a kanta ba ta taɓa fita daga hannun hukuma ba, haya ake bayarwa. Jami'an Sin ne suka tsara yankin, su ke gudanar da shi, su ke yanke abin da suke so su koya daga baƙi. Matasan da suka cika masana'antun, waɗanda suka sha wahalar dogon aiki da ƙaramin albashi, mafi yawansu sun riga sun iya karatu da rubutu kafin su bar ƙauyukansu. Abu mafi muhimmanci kuma, hukumar Sin ta ɗauki yankin a matsayin gonar gwaji: abin da ya yi kyau a ciki sai a fitar da shi waje. Tun 1984 aka buɗe wasu birane 14 na bakin teku ga jarin waje. Shingen waya mai tsawon fiye da kilomita 80 da aka kewaye yankin da shi a shekarun 1980 ya rasa amfani sannu a hankali, har gwamnati ta amince a cire shi a 2018. Wato alamar nasarar Shenzhen ita ce faɗuwar katangarta.

A taron Sin da Afirka na birnin Beijing a 2006, Shugaba Hu Jintao ya yi alkawarin kafa yankuna uku zuwa biyar a nahiyar. Daga nan aka sami na Chambishi a Zambiya, na Lekki da na Ogun a Najeriya, na Dukem a Habasha, na Suez a Masar, da sauransu. Bambancinsu da Shenzhen a fili yake. Can mai gida ne ya tsara, ya gayyaci baƙo. A nan sau da yawa baƙo ne ke zuwa da tsarin a aljihunsa, shi ke riƙe da mafi yawan hannun jari, shi ke zaɓen wanda zai shiga. Babu laifin da za a ɗora masa a kan haka, kowa gidansa yake yi wa tanadi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Gani ga wane

Afirka ba baƙuwa ba ce ga wannan gwaji. Senegal ta kafa yankin masana'antu na Dakar a 1974, a bakin teku, kusa da babbar tasha. Shekara 25 bayan haka, a 1999, kamfanoni 14 kaɗai ke aiki a ciki. Yafe haraji bai rage tsadar lantarki ba, bai kuma rage wahalar ofisoshi ba.

Namibiya ta yi abin da ya fi haka. A farkon shekarun 2000 ta shimfiɗa wa wani kamfanin saƙa na Malesiya mai suna Ramatex tabarma a Windhoek: fili kusan kyauta, ruwa da lantarki a kan rangwame, ba haraji. Dubban mutane suka sami aiki, mafi yawansu mata. A 2005 aka soke tsarin kason tufafi na duniya wanda ya sa masu saƙar Asiya ke neman mafaka a Afirka, sai dalilin zaman ya ƙare. Wata safiya ta watan Maris 2008 ma'aikata kusan 3,000 suka tarar da ƙofa a kulle. Aka bar wa birnin rumfuna wayam da gurɓataccen ruwan rini. Hausawa sun daɗe da faɗa: baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Habasha kuwa ta shiga al'amarin da dukan ƙarfinta. A 2016 ta buɗe yankin Hawassa, wanda wani kamfanin Sin ya gina mata da kuɗin gwamnati kimanin dala miliyan 250, ta kafa burin samar da aiki ga mutum 60,000. Manyan kamfanonin tufafi na Amurka da Turai suka zo. A 2019 wani bincike na Jami'ar New York ya nuna cewa tushen albashin maɗinkiya a wurin dala 26 ne a wata, wato kimanin jika 15 na kuɗin sefa, rabin mafi ƙarancin albashi na Nijar a wancan lokacin. Ƴan matan da aka kwaso daga karkara ba sa iya biyan hayar ɗaki da abinci da wannan kuɗi, don haka suna barin aikin kusan da saurin da ake ɗaukarsu. Yadin da suke ɗinkawa kuma mafi yawansa daga Asiya ake kawo shi, alhali Habasha na noman auduga. Da yaƙin Tigrai ya sa Amurka ta cire ƙasar daga tsarin AGOA a Janairu 2022, tsarin da ke ba kayanta damar shiga kasuwar Amurka ba tare da kuɗin duwan ba, babban kamfanin da aka jingina yankin a kansa ya riga ya rufe masana'antarsa, dubban ma'aikata suka koma gida. Madagaska ta ɗanɗana irin wannan a 2010, bayan juyin mulkin 2009. Masana'antar da ba ta sayen auduga a gida, ba ta sayar da riga a gida, rayuwarta na rataye ne da sa hannun wani shugaba a wata nahiya.

Akwai kuma batun fili, wanda masu talla ke gaggawar wucewa a kansa kamar ƙasar da za a yanka ba ta da mai ita. A Nandigram, cikin jihar Bengal ta Yamma a Indiya, manoma sun ƙi ba da gonakinsu ga wani yankin masana'antun sinadarai da za a kafa tare da kamfanin Salim na Indunusiya. Ranar 14 ga Maris 2007 ƴan sanda suka buɗe wuta, mutum 14 suka mutu, daga baya aka janye shirin.

Labarin Ogun ya fi kowanne kusa, ya kuma fi kowanne koyarwa. Gwamnatin jihar ta ba wani kamfanin Sin mai suna Zhongshan Fucheng aikin raya yankin Igbesa da gudanar da shi, sa'an nan a 2016 ta kore shi. Kamfanin ya kai ƙara bisa yarjejeniyar kare jari da ke tsakanin Sin da Najeriya, kuma a Maris 2021 kotun sasanci da ta zauna a Landan ta sami cewa an zalunce shi, ta ɗora wa Najeriya diyyar kusan dala miliyan 70 idan an haɗa da ruwa da kuɗin shari'a. Da aka ƙi biya, a Agusta 2024 wata kotu a Faris ta ba da izinin riƙe jiragen sama uku na fadar shugaban ƙasa. Jiha guda ce ta sa hannu, ƙasa duka ta ɗauki bashin da kunyar, talakan da bai taɓa ganin takardar ba kuma shi ne mai biya. Takardar da aka sa wa hannu a ɗaki rufe ba ta zama a ɗakin. Wata rana a gaban alƙalin wata ƙasa za a karanta ta.

Inda abin ya yi kyau

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba ko'ina aka yi asara ba, kuma hujjar masu goyon baya ba ta banza ba ce. Ƙasa matalauciya ba ta da kuɗin gyara lantarki da hanyoyi da kotuna a ko'ina lokaci guda, in ji su, don haka gara a gyara wuri ɗaya a fara. Aikin jika 15 ma, ga wadda ba ta da komai, ya fi zaman banza. Da hanau gara mannau.

Tsibirin Moris ne misalin da ya fi ƙarfafa su. Ya yi dokarsa a 1970, kuma zuwa wajen 1990 masana'antun da ke ƙarƙashinta sun ɗauki mutum kusan 90,000 a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan ɗaya da kaɗan ba. Amma a duba yadda aka yi. Moris ba ta gina katanga ba. Matsayin na musamman na masana'anta ne, ko'ina take a tsibirin, ko ta baƙo ce ko ta ɗan ƙasa. Masu gonakin rake na ƙasar sun zuba ribar sukarinsu a saƙa tare da masu jarin Hong Kong, suka koyi sana'ar, ta yadda da baƙin suka fara tafiya, akwai ƴan gida da suka riƙe injunan. Abin da ya ci nasara a can shi ne ainihin abin da mafi yawan yarjejeniyoyin yau ba su ƙunsa ba.

Maƙwabciya Benin ma tana gwada wata hanya da ta cancanci a sa mata ido. A yankin Glo-Djigbé, mai faɗin hekta 1,640 a arewa da Kwatano, wanda gwamnati ta kafa tare da kamfanin Arise, audugar Benin ce ake kaɗawa, a saƙa, a ɗinka, a fitar da ita riga. Wannan ya fi na Hawassa ma'ana nesa ba kusa ba, domin masana'antar tana da saiwa a gonar ƙasar. Duk da haka, da aka hana fitar da ɗanyen kashu da waken suya a Afrilu 2024 don a wadata masana'antu da kayan aiki, manoma sun koka cewa masu saye sun ragu, farashi ya faɗi. Ko a yankin da ya yi kyau, sai an tambayi wa ke biyan rangwamen da ake yi wa mai injin.

Idan tallar ta iso Nijar

Za ta iso, domin duk inda aka shimfiɗa layin dogo ko aka yi maganar tashar kaya ta tudu, masu wannan haja na biye. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, an aza harsashinsa a Fabrairu 2021, kuma ranar da jirgi ya fara tsayawa a Maraɗi za a ga masu taswira da hotunan rumfuna masu ƙyalli. Ya kamata kafin ranar a san abin da za a tambaye su.

Tambayar farko ta wuta ce. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke shi a Agusta na shekarar, har zuwa Maris 2024. Ta biyu ta hanya ce: teku mafi kusa yana da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Yamai, kuma rikicin iyaka da Benin da ya fara a 2023 ya nuna cewa hanyar ma ba ta da tabbas. Ta uku ta kasuwa ce. Kasuwar duk wata masana'anta ta Maraɗi ko Damagaram ita ce arewacin Najeriya, iyakar kuwa an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa 2024. Ƙofar AGOA kuma an rufe wa Nijar ita a Janairu 2024. Mai jarin da ya san duk wannan, ya kuma ce zai zo don an yafe masa haraji kawai, ya kamata a bincika abin da yake nema. Yankin da ba a biyan duwan a bakin iyaka yana da saurin rikiɗa ya zama rumbun fasa-ƙwauri, inda kaya ke shiga da sunan kayan sarrafawa, su fita ta bayan katanga yadda suka shigo.

Misali yana nan a bakin ƙofa. A Maigatari, cikin jihar Jigawa, daf da iyakar jihar Damagaram, an kafa yankin fitar da kaya a farkon shekarun 2000, ya yi shekaru masu yawa mafi yawan rumfunansa a rufe. Kusa da shi kuwa, kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, wadda ba wani mai taswira da ya zana ta, cike take kowane mako da shanu da raƙuma da tumakin Nijar.

Ƙasar nan ta kuma san irin zaman da ake yi da kamfani mai katanga, ko da ba a kira shi yankin musamman ba. Arlit ta ga unguwar ma'aikatan kamfani mai ruwa da wuta da asibiti, ga kuma Bukkoki a gefenta. Da COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan fiye da shekara arba'in tana haƙar uraniyum, abin da ya rage wa garin shi ne tsaunin tarkacen ma'adini da iyalai marasa aiki. Matatar SORAZ, da aka buɗe a 2011 a arewa da Damagaram, kashi 60 na kamfanin Sin, kashi 40 na Nijar, ta rage wa ƙasa dogaro da man waje, kuma wannan riba ce ta gaske. Amma sai a Maris 2025 hukuma ta sallami shugabanni uku na kamfanonin man Sin, tana kafa hujja, cikin wasu dalilai, da tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Maganar da ya kamata a rubuta a shafin farko na yarjejeniya sai da ta jira fiye da shekara goma sha uku.

Abin takaici shi ne ƙasar ba ta rasa abin sarrafawa ba, ba ta kuma rasa masu jari ba. Fatar jar akuyar Maraɗi tana cikin waɗanda aka fi nema a duniya, kuma a zamanin ayari a jeme take fita. A yau mafi yawanta ɗanya take tsallaka iyaka, ribar jima ta tafi ga wasu. Albasar Galmi na ruɓewa a kaka don rashin wurin ajiya, ga wake, ga riɗi, ga aya, ga naman da ake kora da ƙafarsa zuwa kudu. Maraɗi ta taɓa samun majemar SONITAN da matatsar mai ta SICONIGER. Alhazan garin, waɗanda suka tara dukiya tun zamanin gyaɗa, ba don rashin wayo suka fi son fatauci a kan masana'anta ba: sun ga yadda wuta da haraji da ofisoshi ke cin wanda ya kafa inji. Idan aka ba baƙo rangwamen da aka hana su, an yanke musu hukuncin zama dillalan kayan wasu har abada.

Harajin da aka yafe kuwa ba iska ba ne. Malamin makaranta ya fi kowa sanin inda gurbinsa yake bayyana, domin shi ke koyarwa a ajin zana. A Nuwamba 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Ƙasar da ba ta gama maye gurbin zana da bulo ba ba ta da hurumin yin kyauta da kuɗin baitulmali ba tare da lissafi ba. Bugu da ƙari, tun 2021 ƙasashe fiye da 130 suka amince da mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin ɗari a kan manyan kamfanonin duniya, Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da shi a 2024. Abin da matalauciyar ƙasa ta yafe wa irin wannan kamfani, ƙasar da ya fito tana iya karɓarsa ciko. Kyautar ke nan ta tashi daga ajin zana ta faɗa baitulmalin masu arziki.

Sharuɗɗan fatoma

Ba a ce a kori baƙo ba. Ƙasar da ta rayu da ayari shekaru aru-aru ba ta buƙatar a koya mata darajar mai kawo jari da sana'a. Abin da ake nema shi ne hukuma ta zauna a teburin a matsayin mai gida.

A buga yarjejeniya kafin a sa mata hannu, tare da lissafin kuɗin da za a yafe da adadin aikin da za a samu, don kowa ya raba ya ga nawa aka sayi kowane aiki guda. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu uzurin da zai hana a fassara ta, a karanta ta a gidajen rediyo, da Hausa da sauran harsunan jama'a. Fili ya zama haya mai wa'adi, a bi ta hannun kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, a ji ta bakin mai gona da makiyayin da burtalinsa ya ratsa wurin. Dokar ƙwadago ta shiga ta ƙofar da ma'aikaci ke shiga, tare da ƙungiyarsa da mai binciken aiki. A fara da abin da ƙasa ke da shi, a kuma ɗora wa kamfani sayen kaso mai ƙaruwa kowace shekara daga hannun ƴan ƙasa, ba tare da an ɗaure manomi ga mai saye guda ba. Duk rangwamen da aka yi wa baƙo ya zama haƙƙin ɗan ƙasa da ya cika sharuɗɗa iri ɗaya, ko injinsa na cikin katanga ko yana Tasawa. A rubuta yawan ɗaliban makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da na jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da za a horar, da shekarar da za su karɓi muƙaman da baƙi ke riƙe da su. A ƙarshe, a sa ranar da gatan zai ƙare, kuma duk gyaran da aka ga ya yi amfani a ciki a fitar da shi ga ƙasa baki ɗaya.

Mai jarin ƙwarai ba zai gudu daga waɗannan sharuɗɗa ba, domin abin da ya fi buƙata shi ne wuta da hanya da ma'aikaci mai ilimi da hukumar da ke cika alkawari. Wanda suka kora, dama raɓa ce, da hantsi za ta bushe.

A nan ne malamai da ƙungiyoyin al'adu ke da aiki. Su ne ke tsakanin takardar da aka rubuta da harshen lauyoyi da jama'ar da za a karɓi gonarta. Su ke iya tambaya a taron unguwa, a dandalin wasan kwaikwayo, a shirin rediyo, tun kafin a kafa tubalin farko: me zai fito ta ƙofar katangar nan ban da hayaƙi da manyan motoci? Zangon Damagaram bai dawwama a bayan gari ba. Fataken da suka sauka sun yi aure, sun gina gidajen da har yau ake zuwa kallon zanen bangonsu, jikokinsu sun zama ƴan gari, unguwar kuma ta zama zuciyar kasuwancin birnin. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk wani zango da za a kawo tallarsa, kuma a auna shi kafin a ba da fili.